Hanyar Sinnar a Bisa Tebur

Mai Wurno

Zuwa ga taubashiyata Sabah,

Assalamu alaikum. Ina fata kina lafiya, ke da 'yar uwarki Ruqaya da 'ya'yanta, kuma sanyin Alƙahira bai kayar da ku ba. Mu nan alhamdu lillahi. Inna Mero ciwon bayanta ya yi sauƙi. Matata Najwa na gaishe ki. Ni ma wurin da aka yanke ƙafar ya bushe, na fara sabawa da sanduna, ko da yake iyakata bakin ƙofa.

Kin tuna buhun tubalan roba da 'ya'yan Ruqaya suka bari lokacin da yaƙi ya koro ku daga Khartum kuka zauna wurinmu? Kin tuna abin da kika nuna musu a waya, a ɗauki hoto, a ɗan matsa da abu, a sake ɗauka, in an haɗa sai a ga yana tafiya da kansa? To, tun da hafla, motar fasinjan da nake tuƙawa, ta kife da ni, ƙanena Yahya ya gyara ta ya karɓi tuƙi, ni kuma ba ni da aiki sai kallon rufin ɗaki. Rannan na janyo buhun. Kada ki yi dariya. Na gina hanyarmu ta Mai Wurno zuwa Sinnar a bisa teburin guga: tashar mota, gidan burodin Osman, bishiyar da mai shayi ke zama, har da lambunan mangwaro. Na yi hafla fara mai ja a gefe irin tawa.

Motar na tafiya lafiya in wayar na tsaye wuri guda. Amma ba haka nake so ba. Ina son wayar ta bi motar a hankali, kamar yadda mutum ke ganin hanya ta taga. Da na gwada, hoton tsalle yake kamar an ɗaura wayar a wuyan ɗan akuya. Ke da wanga ne aikinki a can, gaya mini mi ake yi.

Shabaka, wato sabis ɗin waya, a nan sai ta ga dama. In ta ƙi, Yahya ke tafiya da wayar Sinnar ya tura saƙo.

Yayanki, Mukhtar

*

Alƙahira

Yaya Mukhtar,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya, sai tarin da yaran suka kwaso a makaranta. A gaishe mini da Inna Mero da Najwa. Ka yi haƙuri da jinkiri, wurin aikinmu mu uku ne kacal, tallace-tallace kuma sun yi mana yawa.

Na yi dariya, ba zan ɓoye maka ba. Amma da na kalli abin da ka turo sai na daina. Gidan burodin Osman har da bututun hayaƙi! Ruqaya ta gane shi kafin in faɗa.

Ga abin da za ka yi. Kada ka riƙe wayar. Ka gina mata amalanke da tubalan, ka ɗaure ta a kai da roba, ka yi wa amalanken layi biyu da zai bi don kada ya karkata. Ka manna takarda a gefen layin, ka ja zane-zane daidai wa daida, kowane hoto zane ɗaya. Hoto goma sha biyu ke ba da daƙiƙa ɗaya, saboda haka zanen ya zama ƙanana ƙwarai. A farko ka matso da su kusa da juna, a tsakiya su ɗan buɗe, a ƙarshe su sake matsewa. Kai direba ne, ka san ba a fizgar mota a tashi, ba a kuma taka birki gaba ɗaya. Ka rufe taga ka yi aiki da fitila, don rana na canza haske tsakanin hoto da hoto.

Ka gwada ka turo.

Ƙanwarka, Sabah

*

Mai Wurno

Sabah,

Bayan gaisuwa, kowa lafiya, sai zafi. Na gode da bayani.

Na yi amalanken. Na yi layin. Na ja zanen har idona ya yi ja. Na rufe taga na zauna cikin ɗaki kamar burodi a tanda. Da na kai lambunan mangwaro wutar lantarki, kahraba, ta ɗauke, fitila ta mutu. Washegari na sake daga farko, sai Yahya ya shigo ya zare wayar daga amalanken, wai fasinja zai tura masa saƙo ta lambata. Rana ta uku Najwa ta zo da kayan guga ta tsaya a kaina.

"Teburin nan fa nawa ne," in ji ta.

Na ce ta ba ni kwana biyu.

Ta ce, "Matan unguwa sun fara tambayata ko kan ma ya taɓu a haɗarin. Magidanci da furfura a gemu yana wasan yara. Mi zan ce musu?"

Na ce ta ce musu ya taɓu. Ta kwashi kayan gugarta ta fita.

Duk wanga da sauƙi da abin ya fito. Bai fito ba. Ga shi na turo miki. Amalanken ba ya tsayawa bisa zanen, ko ya wuce ko ya gaza, in na ce zan gyara sai ya koma baya. Hoton ya daina tsallen akuya, ya koma rawar ɗari. Ni da na yi shekara da shekaru ina ɗaukar mata da tiren ƙwai a cinya ba a taɓa fasa ko ɗaya ba, yau waya ta gagare ni.

Ki duba ki gaya mini inda na kuskure. Kada ki daɗe kamar wancan karon.

Mukhtar

*

Alƙahira

Yaya,

Lafiya lau muke. Yanzu saƙonka ya shigo, ina tsaye cikin jirgin ƙasa, zan taƙaita.

Na kalla. Zanenka daidai ne, amalanken ma ba laifi. Matsalar ba a tubalan take ba, a hannunka take. Hannun nan naka ba abin dogaro ba ne, malam direba! Mutum guda ya kasa tuƙa waya, ina ga mota? Ka daina taɓa amalanken gaba ɗaya, ka nemi wani abu mai zare irin na kusa mai murɗi ya riƙa tura maka shi. Zan yi maka bayani in na samu zama.

Sabah

*

Mai Wurno

Sabah,

Muna lafiya. Na ga saƙonki. Kin faɗi gaskiya, kuma ba ke kika fara faɗa ba. Kada ki wahalar da kanki da wani bayani. Allah ya taimaka a wurin aiki.

Mukhtar

*

Alƙahira

Yaya Mukhtar,

Ina gaisuwa. Ina fata kowa lafiya, don shirun ya yi yawa. Na turo bayanin kusa mai murɗi har da zane, na ga alamar an buɗe, ba amsa. Na kira, ba ta shiga. Na sake karanta ɗan saƙonka na ƙarshe ban gane ba. Wace gaskiya na faɗa? Waye ya fara faɗa? In fushi kake don na daɗe, wallahi ba raini ba ne, wani lokaci ko abinci a tsaye nake ci. Ka ce wani abu, ko zagi ne.

Sabah

*

Mai Wurno

'Yar uwata Sabah,

Assalamu alaikum. Najwa ce, da wayar maƙwabciyarmu Hanaa nake rubuto miki, shi bai sani ba. Inna lafiya, ni ma lafiya. Yayanki jikinsa lafiya, sauran kuma ga shi.

Na ga abin da kika rubuta masa, don ya bar wayar a buɗe bisa katifa. Na san wasan taubasai kika yi. Amma akwai abin da ba a gaya muku ba, shi ya hana. Ba ƙafa kaɗai haɗarin ya ci ba. Hannunsa na dama tun daga ranar rawa yake, likita ya ce jijiya ce a kafaɗa. Kofin shayi sai ya haɗa hannu biyu. Wasiƙun nan da kike gani, da hagu yake danna su, ɗaya takan cinye masa yini. Sannan a tasha akwai masu cewa sitiyari ne ya kufce masa, alhali taya ce ta fashe, duk wanda ke cikin motar ya shaida. Maganar ta dawo kunnensa, shi ya sa ba ya fita.

Ranar da saƙonki ya zo ya karanta ya aje wayar. Ya sa hannu ya share teburin, ya zuba komai a buhu, ya ce, "Ga teburinki."

Sabah, ni na tsani tubalan nan. Na taka su da tafin ƙafa ba sau ɗaya ba. Na ji kunyar mata a kansu. Amma lokacin da yake yinsu yana tashi da sassafe, yana neman abinci, yana faɗa da ni. Yanzu yana kwance fuskarsa a bango, in na yi magana ya ce "to". Na samu teburina, ko guga ɗaya ban iya yi a kai ba.

Ban san mi za ki ce masa ba. Kada dai ki ba shi tausayi, shi ne abin da ya fi ƙi.

Najwa

*

Alƙahira

Yaya Mukhtar,

Ina gaishe ka, ina gaishe da Inna. Na ji labarin hannunka. Kada ka tambayi wanda ya gaya mini, kuma kada ka yi wa kowa faɗa.

Na yi kuskure, ka yafe mini. Da na sani, ko da wasa ba zan faɗi haka ba. Amma ni ma ina da fushina. Wata nawa muna rubutu, kana gaya mini ciwon bayan Inna da zafin gari, ka ɓoye mini wannan? Ka bar ni ina ba ka aikin da ke buƙatar tsayayyen yatsa, kana can kana kokawa kai kaɗai?

Yanzu ka saurara, don maganar da na faɗa da wasa gaskiyar sana'a ce. Ba hannunka kaɗai ba, hannun kowa. Ni hannuna lafiya lau, amma ban taɓa tura kyamara da shi ba, maigidanmu ma haka. Yatsa ba ya iya matsa abu kaurin gashi sau ɗari a jere. Shi ya sa muke amfani da ƙarfe mai zare. Ka murɗa shi zagaye guda, ya tura amalanken ɗan kaɗan, kuma kullum daidai. Hannu ya yi rawa yadda ya so, zaren ba ruwansa. Da tun farko na gaya maka haka, na ɗauka ba za ka samu ƙarfen ba ne.

Ban san abin da ake samu a Mai Wurno yanzu ba. Kai ka san ƙarafa fiye da ni. In ka ga dama ka nema, in ba ka ga dama ba, ka sa Najwa ta aje buhun, yaran Ruqaya sun ce na su ne.

Sabah

*

Mai Wurno

Sabah,

Muna lafiya. Maganar ta wuce, ba na son a sake tada ta. Ki gaya wa yaran Ruqaya abin da aka bari a gidan mutum ya zama nasa.

Kwana biyu ina juya maganar ƙarfenki. Ran Juma'a Yahya na wanke mota a ƙofar gida, ya fito da kaya ya baje, sai idona ya faɗa kan afrita. Kin san ta, jak ɗin da ake ɗaga mota a canza taya, mai buɗewa kamar almakashi. Cikinta ai dogon zare ne. Na sa ya shigo da ita. Na kwantar da ita a gefe, na danne gindinta da dutsen niƙan Inna, kanta na tura amalanken. Na sake gina hanyar, wanga karon a ƙasa bisa tabarma, kowa ya riƙe teburinsa.

Sabah, ta yi! A tashi kwata-kwatan zagaye, sannan rabi, sannan cikakke. Na haɗa ɗan abin da na ɗauka na kalla, tasha na zamewa baya sumul kamar kwalekwale a kogi. Na kira Najwa ta gani, ta ce, "Hm." A bakinta wanga babban yabo ne.

Yanzu ga abin da ya sa nake rubuto miki. Jiya na wuce gidan burodi, na kai bishiyar mai shayi, rabin hanya cif, na fita bayan gida. Ina dawowa na tarar da dutsen niƙa a gefe, amalanke a kife, ba afrita. Taya ta yi wa Yahya faci a bakin kasuwa, ya shigo a guje ya ɗauke. Da ya dawo na tare shi.

Ya ce, "Yaya, fasinjoji na cikin rana. In bar su don motar roba?"

Na ce ya jira ni in sa alama a ƙasa mana.

Ya ce, "Motar da ke ciyar da gidan nan ce ta fi."

Gaskiya ya faɗa, shi ya sa abin ya fi ƙona ni. Na gwada mayar da komai wurinsa, bai koma ba, hoton ya yi wani tsalle a tsakiya kamar an mari mai kallo. Aikin kwanaki ya tafi. Na ce ya samo mini tsohuwar afrita wurin masu kayan gwangwan a Sinnar. Ya kawo mini irin mai mai, wadda ake bugawa, ba zare a cikinta. Na yi masa bayani, ya ce duk afrita afrita ce.

Mukhtar

*

Mai Wurno

Sabah,

Ban ji daga gare ki ba, shabaka ta ɗauke mana kusan duk watan nan. Ina fata kuna lafiya. Inna ta yi zazzaɓi ta warke.

Na je Sinnar.

Yahya ya sake kawo abin da ba shi ba, na ce gobe da ni za a tafi. Ya ɗauka wasa nake. Da safe Najwa ta fito mini da farar jallabiya a goge. Da muka isa tasha na so in ce a mayar da ni. Sai Alamin mai kiran fasinja ya hango ni, ya yar da abin da ke hannunsa ya zo ya rungume ni har sanda ɗaya ta faɗi. Mutane suka taru. Akwai waɗanda suka kau da kai, na gan su, na kuma san dalili. Ban mutu ba.

Na zauna gaba, gefen Yahya. Da muka zo kwanar da abin ya faru na kama ƙofa da ƙarfi, Yahya ya rage gudu bai dube ni ba. Da muka wuce na samu bakin magana, na ce masa birkin nan da yake takawa kamar yana kashe kunama, ya daina. Ya ce sai yau ya tabbata na warke.

Hanyar ba yadda na gina ta take ba. Gidan burodin Osman a rufe, an ce ya tafi Gadarif da iyalinsa. Bishiyar mai shayi an sare ta, akwai shinge a wurin. Ba wanda ya gaya mini, ko sun gaya mini ban ji ba. Na dawo na daɗe ina kallon tawa hanyar bisa tabarma. Ban cire komai ba.

Afrita na same ta a ƙarƙashin tarin ƙarafa, ta yi tsatsa, na wanke ta da gas na shafa mata mai. Wagga tawa ce, ba mai ɗauka. Sai dai wata matsala ta fito: in na matsa mota da hagu, na murɗa da hagu, na danna hoto da hagu, sai in manta inda nake a lissafi, in na sa dama kuma in ture bishiya. Amma an samu hanya, an gama. Ga shi nan, daga tasha har Sinnar, ba yankewa. Bai kai tsawon hamma biyu ba. Yahya ya kalla sau uku ya ce shi ne direban ciki, na ce a'a, wancan ya iya birki.

Ki duba da idon sana'a. Kada ki sassauta mini.

Yayanki, Mukhtar

*

Alƙahira

Yaya Mukhtar,

Muna lafiya, saƙonninka biyu tare suka shigo. A yi wa Inna sannu.

Ka ce kada in sassauta, to ga shi. Haske ya ɗan canza wajen lambunan mangwaro. Mutumin da ke bakin gidan burodi ya faɗi a tsakiya ya tashi da kansa. Tsayawar ƙarshe ta ɗan yi sauri.

Tafiyar kyamarar kuwa ba abin da zan gyara. Na nuna wa maigidanmu, ya tambayi irin na'urar da aka yi amfani da ita, na ce afrita da dutsen niƙa, ya ɗauka ban iya Larabcin Masar ba ne. Ruqaya ta kalla, da aka zo bishiyar ta tashi ta shiga ɗaki. Ban gaya mata an sare ba.

Saura abu ɗaya. Na bi hotunan ɗaya bayan ɗaya kamar yadda muke yi. Daga gidan burodi har ƙarshe, a kusurwar ƙasa ta dama, akwai yatsu da ke leƙowa bisa hannun afritar. In fim na gudu ba a lura. Yatsun da lalle, da zoben azurfa irin na Najwa a na tsakiya. Ka ce mini "an samu hanya", ba ka ce wa ya zauna a rufaffen ɗaki cikin zafin nan yana murɗa tsohon ƙarfe kwata-kwata har Sinnar ba.

Gogewa abu ne mai sauƙi a wurina. Ban goge ba. Ka tambayi mai hannun, in ta ce a cire, sai in cire.

Ƙanwarka, Sabah